SHIRIN ƊALIBI MAI TAFIYA KARATU ƘASAR WAJE

Kowace shekara samari da 'yan mata na Nijeriya masu yawa suna barin gida zuwa neman ilmi a Ingila, Masar, Indiya, Malesiya, Sin da sauran ƙasashe. Waɗansu sukan shekara uku, waɗansu shida, ba su komo ba. Wahalar da takan sami da yawansu kuwa, tun daga gida take farawa, saboda rashin kyakkyawan shiri. An tsara wannan bayani domin ɗalibai da iyayensu.

1. Bincika makaranta tun kafin a biya kuɗi

Ba kowace makaranta ta waje ce Gwamnatin Tarayya ta amince da takardar shaidarta ba. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ita ce ke tantance takardun da aka samo daga waje, kuma sai da wannan tantancewa ake karɓar mutum aikin bautar ƙasa. A watan Janairu na 2024 sai da Ma'aikatar ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan da aka bankaɗo cinikin digirin bogi. Saboda haka wajibi ne a tambayi Ma'aikatar matsayin makaranta kafin a saki ko kwabo.

2. Takardun tafiya

Hukumar Shige da Fice ita ce ke ba da fasfo, akwai na shekara 5, akwai na shekara 10, kuma ba a samunsa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda karatunsa zai daɗe, na shekara 10 ya fi masa. Ƙasashe da dama ba su yarda da fasfon da ya rage ƙasa da wata 6 ya ƙare.

Sai katin nan mai ruwan ɗorawa, watau shaidar allurar rigakafin cutar shawara, wanda Sashen Lafiya na Tashoshin Shiga Ƙasa ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa guda ɗaya ta isa har iyakar rai. Mai zuwa Ingila fiye da wata 6 tilas ne kuma ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi kafin ya nemi biza.

Takardun makaranta na asali, da takardar haihuwa, da wasiƙar samun gurbi, a haɗa su wuri guda a jakar hannu, kada a sa su cikin akwatin da za a auna. A yi kwafinsu, a bar ɗaya a gida, a ajiye hotonsu a waya.

3. Sha'anin kuɗi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kurum. Akwai na haya, da abinci, da mota, da inshorar lafiya. Ingila, alal misali, tana bukatar a nuna cewa kuɗin sun kwana 28 a jere a cikin asusun banki kafin a nemi biza. Iyaye su kuma tuna cewa darajar Naira tana hawa tana sauka. Bayan faɗuwar da ta yi a 2023 da 2024, akwai ɗaliban Nijeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu don sun kasa cika kuɗin makaranta. Lissafin da aka yi bisa canjin yau kaɗai, ba tare da rara ba, lissafin dokin rano ne.

A riƙa aika kuɗi ta banki. Duk wanda ya ɗauki tsabar kuɗi fiye da Dala 10,000, doka ta wajabta masa ya bayyana wa jami'an Kwastan a filin jirgi.

4. Abin da za a sa cikin akwati

Yawancin kamfanonin jiragen sama sukan ƙayyade nauyin akwati ɗaya a kilo 23, na hannu kuwa wajen kilo 7. Abin da ya ɗara haka sai an biya. Saboda haka kada a cika akwati da abin da ake samu da araha a can, kamar bokiti, bargo da tukwane.

Mai zuwa ƙasar sanyi ya tafi da rigar sanyi ɗaya mai kauri a hannunsa, sauran ya saya idan ya isa, gama waɗanda ake sayarwa a can sun fi dacewa da hunturunsu. Ya ɗauki kayan gida kala biyu ko uku domin salla da bukukuwan makaranta. Bakin soket na Ingila da Malesiya iri ɗaya ne da na Nijeriya, amma na Faransa da Jamus dabam ne, wutar Amurka da Kanada kuma ba ta kai ta nan ƙarfi ba. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi.

Game da abinci, yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su cika jawo magana ba idan an ƙulle su da kyau. Amma kilishi, dambun nama da man shanu, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shiga da su; ƙwacewa ake yi, wani lokaci har da tara. Mai shan magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin ƙwayoyi irin su tiramadol suna kai mutum kurkuku a Masar da ƙasashen Larabawa.

5. Kada a karɓi saƙon kowa

Wannan gargaɗi ya fi kowanne nauyi. Kada ɗalibi ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko da daga ɗan'uwa ne. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya, bayan da miyagu suka liƙa sunanta a jikin wata jaka mai ƙwayoyi a filin jirgin sama. Sai a 2019 gaskiya ta bayyana aka sake ta. Matafiyi ya tsaya a auna kayansa a gabansa, ya ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba shi, ya adana su.

6. Bayan an isa

Da sauka, ɗalibi ya sanar da gida, ya yi rajista a makaranta, sa'an nan ya ba da sunansa da adireshinsa ga Ofishin Jakadancin Nijeriya. Amfanin wannan ya fito fili lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, da Sudan a 2023, inda Gwamnatin Tarayya ta kwaso dubban ɗalibai. Wanda aka san inda yake, shi aka fi saurin kaiwa gare shi.

Ya kiyaye sharuɗɗan bizarsa, musamman yawan sa'o'in da aka yarda ya yi aiki, ya kuma sabunta ta kafin ta ƙare. Duk inda ya shiga, da halinsa za a auna ƙasarsa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ko ofishin Hukumar Shige da Fice na jiharsa.