Wireless Compose

Wireless Compose gwaji ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Jamus, wato DLR, ta gudanar a cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, ISS. An yi shi ne a shekarar 2018 a ɗakin bincike na Turai mai suna Columbus, lokacin da ɗan sama-jannatin Jamus Alexander Gerst yake tashar. Manufarsa ita ce a gano ko ƙananan na'urorin awo marasa waya za su iya aika bayanai, su kuma nuna inda mutum yake a cikin ɗakin.

Dalilin gwajin

Waya tana ƙara wa kumbo nauyi, kuma kowane kilo da aka harba sama kuɗi ne mai yawa. Haka nan, shimfiɗa sabuwar waya a ɗakin da aka riga aka haɗa yana cin lokacin 'yan sama-jannati. Ga shi kuma awo a wurare da dama ya zama dole. Inda abubuwa ba su da nauyi, iska mai ɗumi ba ta tashi sama, saboda haka iskar da mutum ya fitar tana iya taruwa a kusa da fuskarsa idan fanka ba ta kai wurin ba.

Yadda yake aiki

Ba a dogara da GPS a cikin Columbus, domin ɗakin kamar ganga yake ta ƙarfe. Bangonsa yana tare saƙon da ya zo daga waje, yana kuma mayar da wanda aka aika daga ciki kamar amsa-kuwwa, sai saƙo ɗaya ya isa ta hanyoyi da yawa. Wannan ita ce babbar matsalar.

Don haka aka yi amfani da fasahar rediyo ta UWB, wadda ke aika saƙo gajere ƙwarai. Gajartarsa ce ke ba na'ura damar bambance wanda ya zo kai tsaye da waɗanda suka dawo daga bango. Ana kafa wasu na'urori a wuraren da aka sani, ɗan sama-jannati kuma ya maƙala ƙarama a jikinsa. Daga lokacin da saƙo ya ɗauka a hanya ake lissafa nisa. Saƙon rediyo yana cin kusan santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, shi ya sa ɗan kuskuren agogo ke ɓata lissafi. Tun da mutum yana shawagi ne ta kowace fuska, galibi ana buƙatar kafaffun na'urori aƙalla huɗu.

Ci gaba

Kashi na biyu, Wireless Compose-2, ya gudana a zaman Matthias Maurer a tashar tsakanin 2021 da 2022. A nan aka haɗa na'urorin da wata riga mai suna SmartTex, wadda ke auna ƙananan motsin da bugun zuciya ke haifarwa a ƙirji, ta aika da su ba tare da waya ba.