Death Wish V: Abin da masu kallo ke gardama a kai, da tambayar da suka daina yi

A watan Janairun 1994 aka fara nuna fim ɗin Death Wish V: The Face of Death a gidajen sinima na Amurka. Jaruminsa, Charles Bronson, yana da shekara 72 a lokacin, kuma karo na biyar ke nan da ya fito a matsayin Paul Kersey, mai zanen gine-ginen da ya koma farautar masu laifi da bindiga. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Abin da ya tara a Amurka bai kai dala miliyan 2 ba, alhali kashi na farko, wanda ya fito a 1974, ya tara kimanin dala miliyan 22. Shi ne kuma fim ɗin Bronson na ƙarshe da aka nuna a sinima kafin mutuwarsa a 2003.

Duk da haka fim ɗin bai ɓace ba. Kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin sun ci gaba da kai shi gidajen mutane, kuma har yau masoya fina-finan Bronson ba su daidaita a kansa ba. Wasu na ganinsa abin kunya, wasu na ganinsa bankwana mai kyau. Wanda ya saurari ɓangarorin zai lura cewa gardamar tasu a kan tsufan jarumi ne, da ingancin ɗauka, da salon kisa. Da wuya a ji wanda ya tsaya a kan ko Kersey yana da ikon kashe mutanen da yake kashewa, ga shi kuwa wannan tambayar ce ta tayar da ƙura a 1974.

Wane ne Paul Kersey?

Labarin ya samo asali ne daga littafin da Brian Garfield ya wallafa a 1972, wanda darakta Michael Winner, ɗan Ingila, ya mayar fim bayan shekara biyu. Kersey mutum ne mai rufin asiri a birnin New York, wanda tun a yaƙin Koriya ya ƙi ɗaukar makami, ya yi aiki a sashen jinya. Wata rana wasu 'yan daba uku suka kutsa gidansa, suka yi wa matarsa dukan da ya zama ajalinta, suka ci zarafin 'yarsa har ta samu taɓin hankali. 'Yan sanda ba su kama kowa ba. Daga nan ya fara fita da dare ɗauke da ƙaramar bindiga, yana ratsa wuraren da ake ƙwace, duk wanda ya tare shi ya harbe.

Abubuwa biyu a wannan kashi na farko sun cancanci a riƙe su. Na ɗaya, bayan kisansa na farko Kersey ya koma gida ya yi amai. Na biyu, har fim ɗin ya ƙare bai taɓa haɗuwa da waɗanda suka hallaka matarsa ba. Duk waɗanda ya kashe wasu ne daban. A ƙarshe hukumomi sun gano shi, amma da suka ga ƙwace ya ragu a tituna, sai suka guji gurfanar da shi, suka ce ya bar garin.

Fim ɗin ya fito ne a lokacin da tsoron 'yan ƙwace ya addabi New York, birnin kuma yana dab da shiga matsalar kuɗin da ta kusa durƙusar da shi a 1975. Masu kallo sun riƙa tafi a sinima idan Kersey ya yi harbi. Masu sharhi kuwa sun rabu. Vincent Canby na jaridar New York Times ya yi tir da fim ɗin, yayin da Roger Ebert ya ba shi tauraro uku cikin huɗu duk da ya nuna damuwa da saƙonsa. Shi kansa Garfield bai ji daɗin yadda aka mayar da mai kisa gwarzo ba, abin da ya sa ya rubuta wani littafin, Death Sentence, a 1975, domin ya nuna inda ɗaukar doka a hannu ke kai al'umma.

Kamfanin Cannon na Menahem Golan da Yoram Globus ne ya farfaɗo da labarin a 1982. A kashi na biyu Kersey ya bi waɗanda suka kashe 'yarsa ɗaya bayan ɗaya a Los Angeles, kuma a wannan karon Ebert bai ba fim ɗin ko tauraro guda ba. A na uku, a 1985, wani babban jami'in 'yan sanda ne da kansa ya sake shi daga tsare domin ya share masa unguwa, shi kuwa ya yi aikin da mashinga da makamin roka. A na huɗu, a 1987, dillalan hodar iblis ya sa a gaba. Idan aka kwatanta da kashi na farko, makami ya ƙara girma, gawarwaki sun ƙara yawa, kokwanton jarumi ya ragu.

Abin da ya faru a kashi na biyar

Bayan Golan ya rabu da Cannon, ya shirya kashi na biyar a ƙarƙashin kamfaninsa na 21st Century Film Corporation, Allan Goldstein ya ba da umarni. Labarin a New York yake, amma a Toronto ta ƙasar Kanada aka ɗauke shi. Kersey ya sauya suna, yana koyarwa a jami'a, yana shirin auren Olivia Regent, mai sana'ar tsara tufafi. Tsohon mijinta, Tommy O'Shea, shugaban gungun miyagu ne da ya mamaye kamfaninta yana wanke kuɗin haram ta cikinsa. Da Olivia ta yarda za ta ba da shaida a kansa, yaransa suka fara lalata mata fuska, daga baya suka kashe ta. Wani jami'i daga cikin masu binciken ne ke kai wa O'Shea rahoto. Doka kuma ta bar 'yar marigayiyar a hannun O'Shea, tun da shi ne mahaifinta.

A nan Kersey ya koma ruwa, amma ba da gudu ko dambe ba. Ya sa wa wani guba a cikin kayan zaƙin Italiyawa. Ya aika wa wani ƙwallon ƙafa mai bam a ciki, yana sarrafa ta da rimot. O'Shea kuwa a cikin kwarmin ruwan asid ya ƙare. Ɗan sandan da ya ga ƙarshen abin ya bar Kersey ya tafi abinsa.

Ra'ayoyi uku

Kason farko na masu kallo suna ganin an ci moriyar ganga ne kawai. A wurinsu fim ɗin ya yi kama da na talabijin, titunan Toronto ba su da ƙazanta da fargabar New York ta 1974, Bronson kuma ya tsufa har an rasa yadda za a sa shi ya yi abin da aka san shi da shi. Suna ganin kamfani ne ya riƙe suna yana tatsa, bayan labarin ya daɗe da ƙarewa.

Kaso na biyu sun karɓi fim ɗin a matsayin abin nishaɗi. Su dama kashi na uku suka fi ƙauna, saboda wuce gona da irin da ya yi har ya koma abin dariya, don haka ƙwallo mai fashewa ba ta dame su ba, ita ce ma abin da suka fi tunawa. Suna yaba wa Michael Parks, wanda ya fito a matsayin O'Shea, da cewa yana cikin miyagun da suka fi armashi a jerin gaba ɗaya. Suna kuma ganin dabara ce mai kyau da aka bar dattijo ya yi yaƙi da wayo maimakon ƙarfi.

Kaso na uku Bronson suke kallo, ba Kersey ba. Ɗan mahaƙin kwal ne daga jihar Pennsylvania wanda shi ma ya yi aikin ma'adinai kafin ya shiga soja, ya yi suna a Turai kafin ƙasarsa ta ɗauke shi babban jarumi. Matarsa Jill Ireland, wadda suka fito tare a kashi na biyu, ta mutu a 1990 bayan jinyar cutar daji. Masu wannan ra'ayi suna ganin gajiyar da ke fuskarsa ta dace da mutumin da kusan duk macen da ya so a labarin sai an kashe ta.

Akwai kuma dalilan da suka sa sauran jama'a ba su je kallo ba. Zuwa 1994 fina-finan faɗa sun sauya. Die Hard ya fito a 1988, Terminator 2 a 1991, da kuɗi masu yawa da jarumai masu ƙarancin shekaru. Siyasa ma ta karɓe batun. A 1990 an kashe sama da mutum 2,200 a New York, adadi mafi yawa a tarihin birnin. Rudy Giuliani ya ci zaɓen magajin gari da alƙawarin murƙushe masu laifi, ya kama aiki a watan da fim ɗin ya fito. A Satumbar shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta tanadi kuɗin ɗaukar sabbin 'yan sanda 100,000. Fushin da Kersey ke sayarwa ya riga ya shiga akwatin zaɓe.

Yadda aka kawar da tambayar

Abin da ya haɗa kason ukun nan shi ne babu wanda hukuncin Kersey ya dama. Wannan ba don masu kallo sun rasa tausayi ba ne. An tsara labarin ne yadda tambayar ba za ta taso ba.

Da farko, kyamara tana nuna wa mai kallo laifin tun kafin a zo ramuwa. Ya ga wanda ya buga fuskar Olivia a madubi, ya ga wanda ya harbe ta. Gani ya kori ji, don haka ba ya buƙatar shaida ko lauya ko alƙali. Na biyu, ana toshe duk wata ƙofar doka: mai ba da shaida ta mutu, jami'i ya ci amana, yarinya ta koma hannun wanda ya sa aka kashe uwarta. Na uku, Kersey ba ya kuskure. Harsashinsa ba ya samun mai wucewa, gubarsa ba ta shiga bakin wani. Na huɗu, a ƙarshe wani mai kaki yakan ɗaga masa ƙafa, wato hukuma da kanta ta sa albarka.

A 1974 an bar ɓaraka: mutum yana kashe waɗanda ba su ne suka cuce shi ba, kuma jikinsa ya gaya masa ya yi abu mai muni. A 1994 an liƙe ɓarakar. Wanda ya bi jerin daga farko zuwa ƙarshe ya tashi daga tambayar ko daidai ne, ya koma tambayar da me za a yi kisan wannan karon.

Idan babu kyamara

New York ta gwada abin a zahiri. A ranar 22 ga Disamban 1984 wani mutum mai suna Bernhard Goetz ya harbi wasu matasa baƙar fata huɗu a cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, bayan ɗayansu ya nemi ya ba shi dala biyar. Goetz ya ce fashi suka yi niyyar yi masa, su kuma suka ce roƙo ne. Jaridu suka laƙaba masa sunan fim ɗin Bronson, jama'a da dama suka ɗauke shi gwarzo. Ɗaya daga cikin matasan ya shanye har abada, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A 1987 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Goetz daga tuhumar yunƙurin kisa, suka same shi da laifin mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ya yi wata takwas a kurkuku. A 1996 wata kotun ta umarce shi ya biya matashin da ya nakasa diyyar dala miliyan 43. Sama da shekara goma sha ɗaya ana shari'a a kan abin da ya faru cikin daƙiƙu, kuma har yau Amurkawa ba su daidaita a kai ba, domin babu wanda ya ga abin da ke zuciyar kowa a cikin jirgin.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan giɓin da ke tsakanin zargi da tabbaci. A watan Maris na 2025 'yan banga suka tare wata mota a garin Uromi na jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane. Aka kashe matafiya 16, mafarauta da ke hanyarsu ta komawa Kano domin bikin Sallah. Tsoron masu garkuwa da ke yankin gaskiya ne, kamar yadda tsoron 'yan ƙwace a New York gaskiya ne. Abin da waɗanda suka taru a bakin titin ba su da shi shi ne abin da fim ke bai wa mai kallonsa kyauta, wato sanin wanda ya aikata.

Babu hujjar cewa kallon Bronson ne ke sa mutum ɗaukar makami, kuma jin daɗin ganin azzalumi ya gamu da sakamakonsa tsohon abu ne a tatsuniya da wasan kwaikwayo. Abin da irin waɗannan fina-finai ke yi shi ne saba wa mai kallo da wani tsarin tunani: an cuce ni, hukuma ta gaza, na san mai laifi, saura hukunci. Gaɓoɓi biyu na farko sukan zama gaskiya a ƙasashe da yawa. Ta uku ce ake yawan kuskurewa, kuma ita ce dalilin kafa kotu.

Golan ya yi niyyar shirya kashi na shida ba tare da Bronson ba, amma kamfaninsa ya durƙushe kafin a fara. Sai a watan Maris na 2018 aka sake fito da labarin, Bruce Willis ya hau matsayin Kersey, a wannan karon likitan tiyata a Chicago. Fim ɗin ya fito ne makonni kaɗan bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Florida. Yawancin masu sharhi sun soke shi, suna cewa bai dace da lokacin ba, yayin da masu kallo da yawa suka fito daga sinima suna yaba masa.