Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya san kudancin ƙasar Katsina, tun daga Ƙanƙara a bi ta Sheme a faɗa Faskari, a gangara har Sabuwa da ke maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari, ya san cewa kwamfutar tebur, wadda a da ba a ganinta sai a ofishin babban ma'aikaci, ta zama yau hanyar neman abincin mutane da dama, domin kuwa da ita ake buga takardun neman aiki da katunan ɗaurin aure, da ita ake cika wa ɗalibai fom, da ita kuma yara suke gwada hannunsu tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan ta koma ta kwamfuta. Galibin na'urorin nan na gwanjo ne, irin su Dell da HP da Lenovo, waɗanda suka riga suka yi shekaru suna bauta a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su hauro Kano, su iso gare mu. To, ran da ɗaya daga cikinsu ta yi gardama, mai ita ba shi da gwanin gyara a bayan gida, sai ya ɗaure ta a babur ko ya sa ta a mota zuwa Funtuwa ko Malumfashi, wani lokaci har Zariya ko Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki a 'yan shekarun nan. Saboda haka ya wajaba ga mai kwamfuta a wannan yanki ya san wani abu na binciken cutarta da kansa, ko da ba zai zama makaniki ba.

Babban abin da yake jawo wa mutane hasara a wannan babi shi ne yanke hukunci kafin bincike. Da zarar na'ura ta ƙi tashi, sai ka ji wani ya ce madabod, wato babban allon da sauran sassa suke jone a kansa, ya ƙone, wani kuma ya ce a yi mata fomatin, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya kafa hujja a kan abin da ya faɗa. Malaman usulul fiƙhu suna da wata hanya ta gano illar hukunci, wadda a cikinta mai bincike yake tattaro dukkan siffofin da ake zaton su ne sababi, sa'an nan ya riƙa jarraba su ɗaya bayan ɗaya, yana jefar da wadda ba ta tsaya ba, har ya rage saura guda wadda dalili ya tabbata a kanta. Wannan hanya ita ce ta mai gyaran kwamfuta na ƙwarai, kuma sharaɗinta guda ne, wato kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya, domin wanda ya canja waya da ram da batir gaba ɗaya, ko da na'urar ta tashi, bai san wanne ne mai laifi ba, gobe kuma in ciwon ya dawo sai ya koma inda ya fara.

A fara da wuta, domin a ƙasarmu ita ce uwar yawancin matsaloli. Wutar da kamfanin KEDCO yake rabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, ƙa'idarta bolt 230 ce, amma mazaunin ƙauye ya san sau nawa take zuwa a raunane har ƙwan fitila ya yi ja, da sau nawa take dawowa da ƙarfin da ya wuce kima bayan an ɗauke ta. In ka danna maɓalli ba ka ji motsin komai ba, babu fanka, babu fitila, to kada ka taɓa sukundireba tukuna. Jona wani abu a soket ɗin ka ga ko akwai wuta, duba fis ɗin da ke cikin filogi, canja wayar da ta monita tunda galibi bakinsu ɗaya ne, sa'an nan ka leƙa bayan na'urar ka tabbata ƙaramin makunnin da ke jikin akwatin wuta yana kunne. A wurin nan ne kuma wasu tsofaffin na'urori suke da wani jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Wanda ya sayo kwamfutar da ta fito daga Amurka, inda wutarsu ba ta wuce bolt 120 ba, ya jona ta ba tare da ya mai da wannan maɓalli kan 230 ba, zai ji ƙara tas, ya ga hayaƙi, kuma ba shi da wanda zai zarga.

Akwatin wutar nan, wanda masu gyara suke kira fawa fak, aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya tace ta, ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3 waɗanda sassan ciki suke buƙata, kuma shi ne yake fara shan dukan mugunyar wuta. Yakan mutu gaba ɗaya, yakan kuma yi jinya ta sannu a hankali, wadda alamarta ita ce kwamfuta ta riƙa mutuwa tana sake tashi da kanta duk lokacin da aiki ya yi mata nauyi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a ari wani mai lafiya a gwada, sai dai a lura cewa da yawa daga ƙananan na'urorin Dell da HP suna da bakin waya irin nasu na musamman, wanda na kasuwa ba ya shiga. Ina kuma gargaɗin mai karatu da babbar murya kada ya kwance murfin wannan akwati, domin akwai sassa a cikinsa da suke riƙe wuta mai kisa bayan an zare filogi. Maganin gaba kuwa sananne ne, sai dai ana ƙyashin kuɗinsa: sitabilaiza mai daidaita wuta, da UPS mai riƙe na'ura 'yan mintoci har a kashe ta bisa ƙa'ida. Mai amfani da janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna kwamfuta, ya kuma kashe ta kafin mai ya ƙare, domin shaƙewar da inji yake yi a ƙarshen mansa tana cutar da ita ƙwarai. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, kashewa ba ta wadatar, sai an zare filogi daga bango.

Mataki na biyu shi ne inda fanka take juyawa, fitila tana ci, amma monita ya yi baƙi ƙirin. A nan sai a kasa kunne, domin kowace kwamfuta tana bincikar kanta a daƙiƙun farko na tashi, in kuwa ta sami aibi takan sanar da shi ta hanyar ƙara mai maimaituwa ko ƙyaftawar fitilar gaba, kuma kowane kamfani yana da ma'anar da ya ba adadin nasa. A ƙidaya, a rubuta, a nemi fassarar a littafin na'urar. A mafi yawan lokuta ram ne, wato siririn allon nan da na'ura take ajiye aikin da take kai a cikinsa, kuma sau da yawa lafiyarsa lau, girgizar hanya ce ta kwance shi ko ƙura ta shiga tsakaninsa da mazauninsa. A zare filogi, a ciro shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir a hankali, a hure ramin, a mai da shi har a ji kunnuwan nan biyu sun kama. In guda biyu ne a gwada su ɗaiɗai, a kuma gwada kowanne a rami daban. Mai sayen sabo ya sani cewa DDR3 mai haƙora 240 ba ya shiga mazaunin DDR4 mai 288, tsagarsu ma ba wuri ɗaya take ba, wanda ya tilasta kuwa zai karya duka biyun. Kafin duk wannan ma, a duba ko wayar monita tana bakin da ya dace, domin na'urar da aka sa wa katin hoto na daban galibi ba ta fitar da hoto ta bakin madabod.

Sai zafi da ƙura, waɗanda su ne rabonmu na musamman. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushin da babu tagar da take tare ta, fankokin kwamfuta kuma aikinsu zuƙo iska, saboda haka a hankali sai ƙurar ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da yake sanyaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ba a ganin illar wannan sai bazara ta shigo, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Alamar a bayyane take: na'ura ta tashi lafiya da safe, fankarta ta riƙa gurnani, aiki ya yi nauyi, can sai ta ɗauke ɗif ba sallama, in ta huta kuma ta sake tashi. Ba lalacewa ta yi ba, firosesa ce take kashe kanta idan zafinta ya doshi digiri 100 don kada ta ƙone. A fitar da ita waje a hure ta da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. In an ɗaga ƙarfen sanyayawar, to dole a goge tsohon man da ke tsakaninsa da firosesa a sa sabo gwargwadon ƙwayar wake, kuma man nan na musamman ne, ba a musanya shi da man goge baki kamar yadda wasu masu ganganci suke yi. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a ba ta tazara daga bango, a toshe ramukan bayanta saboda ɓera da kyankyaso. Akwai kuma wani haɗari na hunturu da ba kowa ya san shi ba: bushewar iska tana sa jikin mutum ya tara wata 'yar wuta, irin wadda takan ɗana yatsa idan an taɓa ƙofar mota, wadda ba ta cutar da mutum amma tana iya kashe ram ko madabod nan take. Kafin ka sa hannu ciki, taɓa ƙarfen jikin kwamfutar, ka kuma riƙe sassan ta gefensu.

In kwanan wata da agogo suna komawa baya kullum, har shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa, to wani ɗan batir ne mai faɗin kwabo a jikin madabod, mai lamba CR2032, ya ƙare. Kuɗinsa kaɗan ne, canjinsa minti ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne ma'ajiyar bayanai, wato had dis, domin kowane sashe na kwamfuta in ya mutu kuɗi yana mayar da shi, amma banda abin da aka rubuta a cikin wannan. Mai shagon buga takardu ya tuna cewa abin da ke cikin na'urarsa amanar mutane ce, akwai binciken ɗalibin da ya shekara yana wahala a kansa, akwai sakamakon jarrabawar makaranta, akwai lissafin ƙungiyar manoma. Idan ka fara jin wani ƙas-ƙas daga ciki, ko fayiloli suna ƙin buɗewa, ko na'ura tana sandarewa ba dalili, to ajalinsa ya kusato, kuma wajibin farko shi ne kwafe abin da ke ciki, ba fomatin ba, wanda shi kam shafe amanar zai yi ya bar cutar inda take. Sabon nau'in da ake kira SSD ya fi sauri, ya fi jure girgiza tunda babu abin da yake juyawa a cikinsa, amma shi in zai mutu sau da yawa ba ya yin gargaɗi. Masu cewa ajiya a intanet ta wadatar su tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni babu mai iya ɗauko komai daga can. A yi kwafi biyu, ɗaya a intanet, ɗaya a ma'ajiya ta hannu wadda ba ta kwana jone da kwamfutar.

Wanda ya yi niyyar harhaɗa kwamfutarsa da kansa kuwa, kurakuransa ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Ya tabbata firosesa da madabod mazauninsu ɗaya ne tun kafin ya biya kuɗi. Ya ɗaura ƙananan ƙusoshin tagulla da suke ɗage madabod daga jikin akwati, domin in ya kwanta a kan ƙarfe wuta za ta haɗu. Ya tuna wayar wuta biyu ce take shiga madabod, babba mai baki 24 da ƙarama mai baki 4 ko 8 ta firosesa, wadda ita ce aka fi mantawa. Ya ɓare ledar da ke manne a gindin ƙarfen sanyayawa. Abin da ya fi dacewa ma shi ne ya fara tayar da madabod a kan kwalinsa da firosesa da ram guda, in ya ga hoto sa'an nan ya shigar da shi akwati, ya riƙa ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ya yi tsimi a kan fawa fak, domin na banza in zai mutu yakan tafi da maƙwabtansa.

Akwai iyakar da mai kwamfuta ya kamata ya tsaya. In ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod sun kumbura ko suna zubar da tsatsa, ko ka bi duk matakan nan ba ka dace ba, to tafiya wurin gwani ta kama. Amma ka tafi da bayani: yaushe abin ya fara, da wace wuta take aiki a lokacin, ƙara nawa ta yi, me ka riga ka gwada. Ka rubuta girman ram da lambar had dis ɗinka kafin ka miƙa ta, ka kuma ce a dawo maka da duk abin da aka cire. Shugabannin makarantu da na ofisoshi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke da ɗakunan da aka jibge kwamfutoci da sunan sun mutu, ina roƙonsu su sa a buɗe su a gwada ɗaya bayan ɗaya kafin a rubuta takardar neman sababbi.