Jimi Hendrix: Makaɗin da Ya Fara da Tsintsiya

Duk mai bibiyar tarihin kiɗan rok, wanda ya tsiro daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, ba zai rasa sanin Jimi Hendrix ba, mutumin da masana fannin suka kusa yin ijma'i a kan cewa ba a yi makaɗin jita kamarsa ba. Sai dai ƙalilan ne suka san irin ƙuncin da wannan baiwa ta taso a cikinsa.

An haife shi a birnin Siyatil ranar 27 ga Nuwamba, 1942, alhali mahaifinsa, Al Hendrix, yana can bakin aikin soja, kuma ko da ya dawo, talauci da shan barasa da yawan husuma ba su bar gidan ya zauna lafiya ba, har auren ya mutu a 1951. A cikin wannan hali ne aka lura da yaron a makarantar firamare yana yawo rungume da doguwar tsintsiya, yana kaɗa ta tamkar jita, har wata ma'aikaciyar makarantar ta nemi a saya masa ta gaske, amma buƙatarta ba ta samu karɓuwa ba.

A 1957, yana taya mahaifinsa kwashe tarkacen gidan wata tsohuwa, sai ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita da ake kira ukulele, wadda tsirkiya ɗaya tak ta rage mata. Wanda kuwa ya taɓa sauraron kuntigin Ɗan Maraya Jos ya san abin da tsirkiya ɗaya ke iya faɗa a hannun mai basira. Da ita ya riƙa bin waƙoƙin Elvis Presley da kunne, domin bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba. Mahaifiyarsa Lucille ta rasu a Fabrairun 1958, kuma a shekarar ne ya mallaki jitarsa ta farko a kan dala 5, ya duƙufa yana muraja'ar faya-fayan mawaƙan bulus Muddy Waters da B.B. King, waɗanda su ne shaihunnansa a haƙiƙa. Da yake bahago ne, sai ya kifa jitar masu hannun dama, ya sauya jerin tsirkiyoyinta.

Bai kammala sakandare ba. A 1961, bayan an kama shi cikin motar sata, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da soja, ya zaɓi soja, inda ya haɗu da abokin kiɗansa Billy Cox, aka kuma sallame shi a 1962. Daga nan ya shiga yi wa manyan mawaƙa irin su Little Richard amshin kiɗa, almajirancin da, a ganina, ya fi kowane mataki gyara hannunsa, kafin manajansa Chas Chandler ya tafi da shi Landan a Satumbar 1966.