ƘATTIN ZAMANIN DA DA MALA'IKUN DA AKA CE SUN SAUKO DUNIYA

A ƙasar Mahuta da sauran garuruwan manoma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, in aka ga namiji dogo kakkaura, mai saɓa buhun masara kamar ya ɗauki ƙunshin goro, akan ce da shi basamude. Kalmar kuwa daga sunan Samudawa ta fito, watau mutanen Annabi Salihu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda labarin ƙattin mutanen da ya zauna daram cikin harshen Hausa.

Yankin nan yana daga cikin wuraren da Hausawa Musulmi da Hausawa Kirista ke zaman maƙwabtaka, gona na iyaka da gona, kasuwa ɗaya ake ci. Yawancin Kiristocin zuriyar Maguzawa ne, suna bin ikkilisiyoyin ECWA da Katolika da Angilikan, kuma da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, aka kuma sake fassara shi a 1979. Yanzu da hotunan manyan ƙasusuwa ke yawo cikin wayoyin hannu, ana cewa ga shaidar ƙattin da littattafai suka ambata, ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su san abin da ke rubuce, su kuma san abin da mutane suka ƙara.

AYOYI HUƊU KACAL

Tushen maganar duka yana cikin ayoyi huɗu na farkon sura ta 6 ta Littafin Farawa. An ce kafin ruwan tufana, wasu da aka kira da Ibrananci "bene ha-elohim" sun ga 'yan matan mutane kyawawa, suka aure su, kuma a wannan zamani akwai wasu da ake kira Nefilim, jarumawa masu suna. Ba a faɗi tsawonsu ba, ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kalmar mala'ika ma ba ta fito a ayoyin ba.

To, daga ina ƙatti suka shigo? Masana da yawa suna danganta kalmar Nefilim da wani aikatau na Ibrananci mai ma'anar faɗuwa. Amma da Yahudawan birnin Iskandariya ta Masar suka juya Attaura zuwa Girkanci, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sai suka fassara ta da kalmar da Girkawa ke kiran ƙattin tatsuniyoyinsu. Fassarar Ingilishi ta 1611 ta bi wannan sawu, ma'anar ta bazu.

Wuri ɗaya ne kuma kalmar ta sake fitowa, watau sura ta 13 ta Littafin Ƙidaya. Annabi Musa ya aiki mutum 12 leƙen asirin ƙasar Kan'ana. Goma suka komo a firgice, suna cewa sun ga Nefilim, har sun ga kansu kamar fāra a gabansu. Lalle ne mai karatu ya lura cewa wannan bakin matsorata ne, littafin kansa kuma ya ɗauki labarin nasu a kan mugun rahoto.

Inda aka ba da awo kuwa, bai kai yadda ake zuzutawa ba. Gadon ƙarfe na Og, sarkin Bashan, kamu 9 ne a tsawo, kamu 4 a faɗi, amma gadon aka auna, ba mai gadon ba. Goliyat, wanda Alƙur'ani ya kira Jalutu, an ce kamu 6 ne da taƙi ɗaya, kusan mita 3. Sai dai tsohuwar fassarar Girkanci, da wani daɗaɗɗen rubutu na Littafin Sama'ila da aka samu a kogunan Ƙumran kusa da Tekun Gishiri, sun ce kamu 4 ne da taƙi, watau mita 2 da 'yan kai.

RA'AYI UKU

Game da su wane ne "bene ha-elohim", malaman Yahudu da na Kirista sun rabu uku. Kalmomin a zahiri suna nufin 'ya'yan Allah, amma Ibrananci kan yi amfani da "ɗa" yadda Bahaushe ke cewa ɗan majalisa ko ɗan kasuwa, ba da nufin haihuwa ba.

Na farko suka ce mala'iku ne da suka bar matsayinsu. Hujjarsu ita ce Littafin Ayuba ya kira halittun sama da wannan laƙabi, kuma Wasiƙar Yahuza da Wasiƙar Bitrus ta Biyu sun yi zancen mala'ikun da suka yi laifi aka tsare su.

Na biyu suka ce zuriyar Shitu ce, mutanen kirki, da suka yi auratayya da zuriyar Kayinu, watau Ƙabilu. Babban mai wannan ra'ayi shi ne Agustin, bishop na birnin Hippo, inda Annaba ta Aljeriya take a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430. Masu bin sa sukan kafa hujja da sura ta 22 ta Linjilar Matiyu, inda aka nuna mala'iku ba sa aure.

Na uku, ciki har da tsofaffin malaman Yahudu, suka ce sarakuna ne da masu mulki, waɗanda ke ɗaukar duk macen da suka ga dama.

LITTAFIN ANUHU

Yawancin abin da ake ji a bakin mutane ba daga Littafi Mai Tsarki ya fito ba, daga Littafin Anuhu ne, wanda aka rubuta sashensa na farko wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ne ya ce mala'iku 200 suka sauka a kan Dutsen Harmon, suka koya wa mutane ƙera takubba da sa kwalli da tsafi, 'ya'yansu kuma suka cinye amfanin gona, sa'an nan suka juya kan mutane. Wasu kwafe-kwafensa sun ce tsawon ƙattin kamu 300 ne, wasu kuma 3,000.

Ikkilisiyar Habasha ce ta adana littafin cikakke da harshen Gi'iz, tana kuma lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki. Wani matafiyi ɗan ƙasar Sikotilan, James Bruce, ya kai kwafensa Turai a 1773, aka fassara shi da Ingilishi a 1821. Amma ba ya cikin Littafi Mai Tsarki da ECWA ko Katolika ko Angilikan ke karantawa.

A WAJEN MALAMAN MUSULUNCI

Aƙidar Musulmi ita ce mala'iku ba sa saɓa wa Allah, Iblis kuwa Suratul Kahfi ta bayyana cewa aljani ne. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya nuna cewa dogayen labaran da ake jingina wa Haruta da Maruta ba su inganta daga Manzon Allah (S.A.W.) ba. Haka nan Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya ƙaryata labarin Uju ɗan Unuƙu, ƙaton da aka ce tufana ba ta ci shi ba. Ibn Khaldun kuma ya ja hankali ga cewa ƙofofin gidajen mutanen da, waɗanda suka wanzu, ba su fi na mutanen zamaninsa girma ba.

HATTARA DA MASU HOTO

Damfara da wannan zance ba yau aka fara ta ba. Wani mai sana'ar taba a jihar New York ta Amurka, George Hull, bayan gardama da wani mai wa'azi a kan ayoyin nan na Farawa, ya sa aka sassaƙa gunkin dutse mai tsawon ƙafa 10, aka binne a gona, aka tono a 1869, jama'a suka yi ta biyan kuɗin kallo kafin asiri ya tonu. Wani sanannen hoton ƙwarangwal ɗin ƙato da ya zagaya duniya kuma, a gasar haɗa hoto da kwamfuta ta 2002 aka ƙirƙire shi. Mutum mafi tsawo da likitoci suka tabbatar da awonsa shi ne Robert Wadlow, Ba'amurke, mai mita 2.72, wanda ya rasu a 1940 yana da shekara 22. Ciwon wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ya sa shi girman.

Abin lura a ƙarshe shi ne, da surar nan ta 6 ta zo faɗin dalilin tufana, ba tsawon kowa ta ambata ba. Cewa ta yi duniya ta lalace, ta cika da zalunci da ta'adi. Saboda haka duk wanda aka kawo masa labarin ƙatti, a aji ko a ofis ko a bakin kasuwa, sai ya tambayi mai labarin: a wane littafi, a wace sura, a wace aya?