Firgi, masakwa da gaiwa: rayuwar bayan janyewar ruwa a Borno

A yawancin ƙasar Hausa, da an ga shamuwa ta yi kudu, manomi ya fara shirin rataye fartanya. A gabashin Maiduguri kuwa, wajen Mafa da Dikwa da Marte har Ngala, lokacin ne ake ɗaura ɗamarar wani noman. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai danƙo da ake kira firgi. Da damina takan sha ruwa ta zama fadama, mota ba ta ratsa ta, sai balbela da kirinjijiya da kwaɗi. Mutanen wurin ba sa gaggawar ganin ruwan ya tafi. Har kunya suke ja a kewaye gona don ya daɗe yana kwance, ƙasa ta ƙoshi.

Abin da ake jira shi ne dashen masakwa, dawar rani da Barebari da Shuwa suka gada kaka da kakanni. Tun damina ba ta ƙare ba ake yafa iri a wani tudu. Wajen watan Oktoba, ruwa na ja da baya, sai gida ya fito kaf. Namiji yana gaba da dogon sanda mai tsini yana huda ƙasa, mata da yara na biye, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa tsiro biyu, a wuce. Shi ke nan ban-ruwan da masakwa za ta gani. Daga nan sai laimar da firgi ya adana da sanyin hunturu su raine ta, har a girbe a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ƙasa ta tsattsage har ƙafar yaro na iya faɗawa. Babban abokin gaba shi ne jan-baki, tsuntsun da ke sauka dubbai, don haka yara kan wuni a gona da gwangwani da ihu. Duk wanda ya ci tuwon masakwa da miyar kuka mai banda ya san wahalar ba ta tafi a banza ba.

A ƙarƙashin wannan busasshiyar laka akwai gaiwa. Kifi ce mai shaƙar iska, idan ruwa ya ƙafe sai ta binne kanta, ta naɗe cikin yauƙinta, ta jira damina. Masu haƙo ta sun san ɗan ramin numfashinta, kuma da fartanya ake wannan sun, babu taru babu ƙugiya. An daɗe ana gardama a kan abin da take ci a ramin. Wasu tsofaffi na cewa wutsiyarta take gatsa. Masana sun ce tsokar jikinta ce ke narkewa a hankali tana riƙe ta. Tsofaffin dai ba su yi nisa da gaskiya ba.

Bado ma yana da masoya. Yara kan shiga tafki su tsinko ƙwallonsa, kuma a shekarun fari, irin su 1973 da 1984, ƙwayarsa da saiwarsa sun rufa wa gidaje asiri.

Kifin da ya yi wa Maiduguri suna kuwa daga Tafkin Chadi yake zuwa. A Baga da Doron Baga ake yayyanka tarwaɗa, a ƙyafe ta ta zama banda, a cusa a kwali, a ɗora wa manyan motoci zuwa kasuwar kifi ta hanyar Baga, daga can sai Onitsha da Legas. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai, amma masunta sun bi shi, manoma kuma suka shuka masara da wake a inda ya bari. Abin da ya karya wannan tsari shi ne rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015. Gonakin firgi da yawa sun yi shekaru ba a dasa su ba, kuma akwai samari 'yan Marte da suka tashi a sansanonin gudun hijira a Maiduguri, ba su taɓa riƙe sandan dashe ba. Iyayensu da suka fara komawa gida su ne yanzu ke nuna musu zurfin ramin da tsiro ke so, da yawan ruwan da ake zuba masa.