Kwanson Harsashi Ma Yana Gajiya

Shirinmu na yau daga unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde zai leƙa jakar maharbi ne, mu duba abin da ake rainawa: kwanson harsashi.

Kwanson harsashin bindiga mai dogon zango da tagulla ake yin sa, wato jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. Idan aka ja kunama, albarushi ya kama, matsin da ke cikinsa kan kai ninki 4,000 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Nan take kwanson zai kumbura ya manne da cikin bindiga, ya toshe hanya don kada wuta ta dawo fuskar mai harbi. Aikinsa ke nan.

To amma kowane maƙeri ya san halin tagulla: yawan duka na sa ta ƙage, daga nan sai tsagewa. A Amurka da Turai, inda maharba ke sake cika kwanso, kowane zagaye na harbi da matsewa yana ƙara masa tauri, yana kuma sirantar da shi ta wajen gindi. Shi ya sa suke duba kowane ɗaya a gaban fitila. Da zarar sun ga tsaga a wuya, ko wani siririn zobe mai ƙyalli kusa da gindi, ko hular da ke tayar da wuta ta yi sako-sako, sai su jefar. Zoben nan alama ce kwanson na dab da rabewa biyu, kuma ido da yatsu ne ke biyan kuɗin.

Akwai kuma ɓarnar ajiya. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin harsasansu na tsagewa da damina ba tare da an harba ba. Sai a 1921 masana suka gano dalili: a bargar dawakai ake ajiye su, sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin doki ya haɗu da laima ya ci tagullar. A Yawunde damina biyu muke yi a shekara, ga gidajen unguwarmu a matse, ragon layya ɗaure a bakin ɗakin ajiya. Duk inda hanci ya ji zarni, ba wurin ajiye harsashi ba ne.

A tuna kuma, dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta haramta ƙera makami ko harsashi, ko mallakarsu, ba da izinin hukuma ba. Maharbin da ke da takarda ya sayi harsashinsa wurin dillali mai lasisi, ya ajiye a busasshen akwati mai kwaɗo, nesa da yara da dabbobi. Harsashin da ya yi tsanwa ko ya tsage, kada a gwada shi ko sau ɗaya.